Ɗigon ja a jikin farar mota, da ogan da ba ya son a taɓa kafin a gurza

Waɗanda muka yi aiki tare sun riga sun ji cewa na bar sashen wanki da folish. Ban yi niyyar cewa komai ba, amma har yanzu labarin da ke yawo a gareji shi ne wai yaron wanki ne ya ɓata fararen motocin nan na kamfani da mugun sabulu. Tunda ni ne yaron wankin, bari in faɗi nawa, ko sababbin yaran da aka ɗauka za su tsira da albashinsu.

Sabis aka kawo motocin, babu wuri a gaba, sai aka jera su a bayan rumfar walda. A daidai lokacin kuwa masu walda suna ta gurzar wani shasi daga safe har yamma. Tartsatsin da kuke gani yana tashi daga injin gurza, ƙarfe ne zalla. Da zafinsa yake sauka, ya ɗan nutse cikin kiliya, wato shafin nan na ƙarshe mai ƙyalli da ke kan fenti, ya maƙale. Ranar farko ido ba ya ganin komai. Da raba ta sauka da dare, ko aka watsa ruwan wanki, kowace ƙwayar ƙarfe sai ta yi tsatsa, tsatsar ta yi ɗan zobe ja a kewayenta. Na wanke motocin, suka bushe, sai ga su ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa musu garin jan bulo.

Oga ya zo, ko sunkuyawa bai yi ba. "Kai, wane irin sabulu ka zuba musu?" Na ce, "Oga, sabulun da muke wanki da shi kullum ne. Don Allah ka sa hannu ka ji." Na zura hannuna cikin siririyar leda na shafa bonet a gabansa, kana jin kaushin yana kama ledar, har da ɗan sauti. Na nuna masa cewa ɗigon ya fi yawa a rufi da bonet da but, inda abu ke sauka daga sama, kuma gefen da ke kallon rumfar walda ya ninka ɗaya gefen. Na kai shi wurin bamba, wadda roba ce, ita ma ga ɗigon a kanta, har da gilashi. Roba dai ba ta tsatsa, sabulu kuma ba ya zaɓar gefe. Abin da ya ce min shi ne, "Yaushe ka zama injiniya?"

Shi a wurinsa in inji bai yi ƙara ba, ba a yi aiki ba. Ya kira yaronsa na hannun dama, ya ce a bi motar farko da samfefa mai lamba 2000, sannan a sa injin folish. Duk fentin mota daga masana'anta, daga shafin ƙasa har na sama, yawanci kaurinsa tsakanin maikiron 100 zuwa 150 ne, kiliya kuma kusan 40 zuwa 50 kawai a ciki, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Abin da ka gurje ya tafi ke nan, ba ya tohowa. Ga shi kuma ba a cire ƙarfen ba tukuna, don haka soson injin ya kwashi ƙwayoyin yana juya su a kan fenti, ya bar zane zagaye-zagaye da kake gani sarai in rana ta haska. A bakin bonet, inda fenti ya fi siranta, injin ya cinye kiliyar gaba ɗaya, wurin ya dushe. Dole aka sake fesa bonet ɗin. Kuɗin fesawar daga albashina aka cire, da hujjar cewa da ban ɓata motar ba da ba a kai ga samfefa ba. Yaron da ya riƙe injin ko tsawa ba a yi masa ba.

Baba mai fenti ne ya ja ni gefe bayan an tashi. Ya ce, "Ɗana, kar ka sake yi masa gardama a gaban mutane. Sauran motocin ka yi su da yamma yadda ka sani, ni zan tsaya maka." Allah Ya saka masa da alheri.

Aikin ba shi da wani sirri. Ka shigar da mota inuwa, ka bari jikinta ya huce, ka wanke ta tas. Sai ka fesa ruwan cire ƙarfe. Sinadarin da ke cikin yawancinsu tayogilaikolet ne, dangin wanda ake sawa a man cire gashi, shi ya sa yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ka sa safar hannu kuma kar ka yi a rufaffen ɗaki. Cikin minti ɗaya ko biyu za ka ga kowane ɗigo ya fara zubar da ruwa shunayya yana gangarowa a farin fenti, alamar ƙarfen yana narkewa. Minti 3 zuwa 5 sun isa, ka ɗauraye da ruwa mai yawa kafin ya bushe, don in ya bushe a jiki shi ma tabo yake bari. A rufin motocin nan sai da na maimaita kafin shunayyar ta daina fitowa. Abin da ya yi taurin kai sai lakar goge fenti, wannan ƙullin mai laushi da aka fara yi a Japan. Ka jiƙa wurin da ruwan sabulu ya yi santsi, ka riƙa zame ta a hankali ba tare da dannawa ba. Da farko za ka ji tana cijewa, can sai ta tafi sumul. Ka juyo ta ka ga fuskarta ta yi ruwan ƙasa, ka ninke ta ka fito da sabuwar fuska. In ta faɗi ƙasa ka jefar, komai tsadarta, yashin da ta ɗauka zai zane motar. Daga nan sai ɗan folish mara ƙarfi in akwai buƙata, a rufe da waks, tunda duk kariyar da ke jiki ta tafi tare da dattin.

Da masu motocin suka zo ɗauka, ina tsaye da bokiti ina jin oga yana gaya musu irin wahalar da shi da yaransa suka sha da inji kafin fentin ya dawo. Bai kalli inda nake ba. Bargon rufe mota da na roƙa a saya saboda lokacin gurza ma, har na tafi ba a saya ba.

Sauran abubuwan gajeru ne. Ɗigon da ke fitowa a ƙasan ƙofa da bayan but yawanci daga birki yake, faifan birki ƙarfe ne kuma kullum yana goguwa. Sabuwar mota ma tana zuwa da shi in jirgin ƙasa ne ya ɗauko ta ko ta daɗe a ajiye kusa da layin dogo, kar ka bari a ce maka fentin kamfani ne mara kyau. Baƙar mota tana da shi daidai da fara, ba ya nunawa ne kawai, leda za ta gaya maka. In fenti ya kumbura ya yi bororo, ko jan ya fito daga inda dutse ya fasa, wannan tsatsar bodi ce ta gaske, babu feshin da zai yi maganinta, ka miƙa wa mai fenti. Ruwan wanke wili mai asid mai ƙarfi, musamman mai haidurofulorik, kar ya kusanci fenti ko gilashi ko fatarka, ko wane ne ya ce ya fi sauri.

Duk motar da aka ba ka, ka zagaye ta da waya ka ɗauki hoto kafin ruwa ya taɓa ta, a gaban wanda ya miƙa maka makulli, ka ɗauki inda aka ajiye ta ma. In oga ya ce ɓata lokaci kake yi, ka ce masa to, ka ci gaba da ɗauka.