Yadda na gano abin da ke hana Land Cruiser ɗina tashi da safe

Motata Land Cruiser ce ƙirar 1994, mai injin 1HZ: silinda shida a jere, lita 4.2, babu kwamfuta ko ɗaya a jikinsa. Tun 1990 Toyota ta fara ƙera wannan inji, kuma har gobe shi ne a cikin da yawa daga motocin da ke tashi daga Agadez su nausa cikin Sahara. Inji ne da mutum zai iya fahimta da ido da kunne, shi ya sa nake ƙaunarsa.

Da hunturu ciwon ya fara. Da safe sai an yi ta kik har batir ya fara nishi kafin ta kama, in ta kama kuma ta yi ta karkarwa, salansa na fitar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas. Can sai ta daidaita, ta wuni lafiya lau. In ta kwana, a koma gidan jiya. Daga baya ta ƙara da shaƙewa a kan hawa, ina taka totur tana ja da baya.

Duk wanda na gaya wa, amsa ɗaya ce: famfon injekta ne, wato mai tura gas cikin silinda, a cire a kai wa masu gyaransa. Ban yarda ba. Famfon da ya ci ba ya warkewa da hantsi ya sake kwantawa da asuba. Kuma famfon 1HZ abu ne mai tsada da laushi, in aka buɗe shi a inda ƙura ke tashi, an jawo masa ciwon da ba shi da shi.

Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi rayuwarsa a gyaran manyan motoci, shi ya ɗora ni a hanya. Na ce masa, "Baba, ko ɗigo ɗaya ban gani a ƙasa ba, ta yaya za a ce layin mai ne?" Ya ce, "Ɗana, wannan motar ba tura mata mai ake yi ba, zuƙo shi take yi. Je ka sa farar tiyo ka gani da idonka."

Nan ne gaɓar da yawancinmu ba mu lura da ita. A cikin tankin wannan mota babu famfon lantarki. Famfon injekta da kansa yake janyo gas tun daga tanki, ya bi ta matatar mai, ya iso gare shi. Saboda haka in akwai huda a wannan layin, mai ba ya tsiyayowa waje, iska ce ke shiga ciki, kamar mai zuƙar lemo da hudajjen tsinken roba. Da daddare iskar ta samu wuri, man ya sulale ya koma tanki, da safe sai famfo ya yi ta haɗiyar iska kafin mai ya iso.

Na sayo tiyo mai haske wadda ake ganin cikinta, na sa ta tsakanin matata da famfo, na tayar da inji. Ga ƙananan kumfa nan suna bin juna a jere, in na ja totur su ƙaru. Da safe kuwa, rabin tiyon wayam. Saura a san ta ina iskar ke shiga. Sai na zare tiyon da ta fito daga tanki, na jona wata daga jarkar gas mai tsabta kai tsaye zuwa kan matata. Kumfa ba su daina ba. Ke nan tanki da dogon layinsa ba su da laifi, ɓarnar tana kan matatar. A saman matatar akwai ɗan famfon hannu da ake dannawa don jawo mai, robar cikinsa ce ta tsufa ta tsage. In ka danna shi ba ya yin tauri, sai ya riƙa lotsawa yana ɗan huci.

Na samo wani kan matatar a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, na haɗa da sabuwar matata da sababbin kilif. Da na zazzage tsohuwar a kwalba, sai ga ruwa kwance a ƙasa, gas a sama, har da baƙin laka. Wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da iskar, domin gas ɗin da kansa shi ke shafe cikin famfo ya hana ƙarafa cin juna. Ruwa ko kalanzir a cikin mai su ne ainihin masu kashe famfo. A gindin matata akwai ɗan makunnin zubar da ruwa, yanzu ina buɗe shi a kai a kai, musamman in tafiya ta sa na sha man jarka a bakin hanya.

Fitar da iska ba wuya. Na danna famfon hannu har ya yi tauri, na sassauta notin bututun da ke kan nozul (bakin da ke fesa gas cikin silinda), yarona ya yi kik har gas ya fara tsartuwa ba kumfa, na ɗaure. A nan a yi hattara ƙwarai: man da ke fita daga nozul yana da ƙarfin da zai huda fata, kada a kai yatsa kusa. Kada kuma a riƙe makulli a kan kik fiye da daƙiƙa 15, a bar shi ya huta.

Shaƙewar kan hawa ta tafi, tashin safe ya yi sauƙi, amma farin hayaƙin bai ɗauke duka ba. Sai na koma kan hita fulog. Injin gas ba shi da tartsatsi, matsin iska ne ke kawo zafin da ke kunna mai, kuma a sanyin asuba 1HZ na buƙatar hita su ɗumama masa ɗakin ƙuna tukuna. Guda shida ne, ƙarfe ɗaya ya haɗa kawunansu. Dole a cire wannan ƙarfen kafin a auna, in ba haka ba masu rai za su rufa wa matattu asiri. Lafiyayye yana nuna kusan ohm 1 a mita, matacce ba ya nuna komai. Biyu sun mutu. Na canza duka shidan, tunda tare suka tsufa.

Abin da nake roƙon masu irin wannan mota su daina shi ne kanga tsumma mai fetur a bakin shaƙar iska don ta tashi da wuri. Za ta tashi, amma da bugun da ke iya fasa kan inji, balle in hita na da zafi.

Tunda hannuna ya riga ya yi baƙi, na duba gaba. Makullan cibiyar tayoyin gaba sun ƙi juyawa saboda giris ya bushe ya haɗu da yashi, na wanke na sa sabo kaɗan, don in ya yi yawa ma hana su kamawa yake yi. Na kuma canza taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistan, wanda a motocin wancan zamani ake canzawa duk kilomita 100,000. In ya tsinke fistan da bawul ne za su yi karo.

Nozul kaɗai na fitar daga gida. Gwajinsu na buƙatar injin auna matsi wanda ba ni da shi, sai na kai su aka gwada a gabana, aka gyara feshin waɗanda ke ɗiga. Famfon kuwa ko noti ɗaya ba a kwance masa ba.