Daga bakin tasha zuwa ƙofar gida: darussan tsara gari kafin jirgi ya iso Maradi

Layin dogon da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021 zai taso daga Kano, ya bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, ya tsallako iyaka ya tsaya a Maradi, tafiyar kilomita kusan 284. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke riƙe da aikin, faɗin layin kuwa milimita 1435 ne. Hirar da ake yi a fada da bakin kasuwa duk a kan jirgin take: nawa tikiti zai kai, awa nawa zuwa Kano, buhun aya nawa tarago ɗaya zai ɗauka. Masu aikin tsara gari kuwa abin da ya fi cin ransu shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin ƙofar tasha da gudron, inda fasinja zai taka da ƙafarsa, kaya a kai, yaro a hannu.

Tashar jirgi ba tashar mota ba ce. Mota tana cika ta tashi, wata ta iso, mutane na zuwa kaɗan-kaɗan tun safe har dare. Jirgi kuwa juye mutanensa yake yi gaba ɗaya. A ɗauka mutum 600 suka sauka cikin minti 5, wato 120 a kowane minti. Faɗin mita 1 na hanya yana iya wuce da mutum 50 zuwa 60 a minti idan hannu rabbana suke tafe, amma da buhuna da akwatuna da goyo, a lissafa rabin haka. Ke nan ƙofar fita da hanyar da ke gabanta suna bukatar mita 4 fayau, babu turke, babu tebur. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a raba yawan fasinjojin yini da awannin yini, a samu ɗan ƙaramin adadi, a yi ƙofa daidai da shi. Maradi kuma tashar shigowa ƙasa ce, akwai binciken duwan da na 'yan sanda, saboda haka layin masu jira sai an ware masa fili mai rumfa a cikin tasha, in ba haka ba zai zubo kan titi.

Wanda ya taɓa sauka a Idu ko Rigasa, a layin Abuja zuwa Kaduna da ya fara aiki a 2016, ya san cewa tashar da ke gefen gari tana ƙara wa mutum wata tafiyar bayan tafiya. Mai lafiya marar kaya yana cin mita 80 a minti, minti 10 su ba shi mita 800. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke haura 40, da kaya a kai, kada a sa ran ya wuce mita 500. Duk abin da fasinja ke nema, kabu-kabu, adaidaita, motar Tibiri ko ta Madarunfa, makewayi, masallaci, ruwan sha, a cikin wannan da'irar ya kamata ya kasance. Jerin ma yana da ƙa'ida: masu ƙafa da 'yan kura a bakin ƙofa, sai kabu-kabu da adaidaita, sai motocin haya, motocin gida can baya. Akasin haka ake yawan zanawa, domin mai zanen da mota yake zuwa duba wurin.

Inda aikin ya fi wuya shi ne tsallaka layin. Dogo na zamani da shinge yake zuwa, shinge kuwa raba gari yake yi biyu. Hanyar gona, hanyar makaranta, hanyar maƙabarta da burtalin dabbobi duk sai su wayi gari a toshe. Idan mashigar da aka tanada ta yi nisa, ba a yin wata guda sai an ga an yanke waya, an buɗe 'yar ƙofa daidai inda tsohuwar hanya take. Wannan ba taurin kai ba ne, ƙafa gajeriyar hanya take bi. Jirgin kaya mai nauyi yakan ci kilomita 1 ko fiye kafin birki ya tsayar da shi, don haka direba ko ya hango mutum babu abin da zai iya. A cikin unguwanni, tsakanin mashiga da mashiga kada ya wuce mita 400 zuwa 500, kuma a ɗora su kan hanyoyin da ƙafa ta riga ta fitar.

Mashiga iri uku ce, kowace da ciwonta. Gadar sama tana tashi kusan mita 6. Idan matakala kawai aka yi mata, an kori mai kura, mai keken guragu, tsohuwa, ɗan garuwa da mai jan akuya, an bar wa samari. Idan za a yi gangare mai sauƙi, na kashi 5 cikin 100, tsawonsa mita 120 ne kowane gefe, ban da wuraren hutawa. Ko an matsa zuwa kashi 8 sai ya ci mita 75. Filin nan sai an tanade shi tun a takarda. Hanyar ƙarƙashi ta fi sauƙin hawa da sauka, kusan mita 3 ake nitsewa, amma rami ce, rami kuwa na ruwa ne da yashi. In dai ruwan ba zai fita da kansa ta gangare ba, sai da injin zuƙa, a haƙura da ita, domin daren da aka yi ruwa mai ƙarfi shi ne daren da ake ɗauke wuta. Mashigar ƙasa mai shinge da mai gadi ita ce mafi araha, kuma ita amalanken shanu ke iya bi. Sharaɗinta a tsallaka layin a miƙe, ba a karkace ba, domin tayar keke ko ta kura tana faɗawa cikin tsagin da ke jikin ƙarfen. A bar gefenta fili yadda za a hango jirgi daga nesa, kada a bari a kafa rumfa ko a jibge itace a wurin.

Batun ruwa ba sabo ba ne ga Maradi. Ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta tayar da tsohon gari daga fadama ya hau tudu. Ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 da ɗoriya ba, amma cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba, a kan ƙasa mai yashi, yana gangarawa gulbi. Gadon layin dogo tamkar madatsa ne: idan kwalbatocin ƙarƙashinsa sun yi kaɗan, unguwar da ke sama ta kwana cikin ruwa, ta ƙasa kuma zaizaya ta ci ta daga bakin kwalbati. Hanyar ƙafa tana son karkata ta kashi 2 cikin 100 zuwa kanibo, wato magudanar ruwa ta gefen titi, tudunta santimita 15 sama da titi, a sauke shi zuwa santimita 2 a wurin tsallakawa. Kanibo a rufe shi da murafun da mutum biyu za su iya ɗagawa, a yashe shi a watan Mayu kafin ruwan fari. Pabe, wato ƙananan tubalan siminti da ake jerawa a daɓe hanya, ya fi gudron dacewa a nan, domin in bututun ruwa ya fashe a cire a mayar, amma sai an daddale ƙasa sosai, an shimfiɗa yashi santimita 3 zuwa 5, an kuma ɗaure gefe da dakalin siminti. In babu dakalin, damina ɗaya ta isa ta watsa shi.

Masu talla za su zo, ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba. Mai shayi, mai ƙosai, mai kilishi, mai canji da mai cajin waya suna bin sawun jama'a, kuma fitilarsu ce ke sa mace ta iya wucewa da dare hankali kwance. Kora ba ta taɓa ɗorewa. Abin da ke aiki shi ne a shata musu zirin mita 2 ta gefen katanga, a bar mita 3 na tafiya, a bambanta launin daɓen yadda kowa zai ga iyakarsa, a damƙa kula da layin ga shugabannin 'yan kasuwar. Turaku masu tazarar mita 1 da rabi suna hana mota hawa, amma ba sa hana babur. Shi sai an ba shi tasharsa kusa da ƙofa. Inuwa kuwa dogon yaro ya wadatar, tazarar mita 8, rami mita 1 kowane gefe, a dasa a farkon damina, a kewaye shi saboda awaki, a nisanta shi da kanibo saboda saiwa.

Ƙofar kaya da ƙofar fasinja kada su haɗa titi. Manyan motocin da za su kwashi wake, aya, gyaɗa da dabbobi a fitar musu da hanya ta bayan tasha zuwa hanyar Ɗan Isa ko babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram.

Duk wannan fili yake ci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin inda tasha za ta zauna, gonakin kewaye sai su koma filayen gini, farashi ya tashi. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a, ta 1961 da aka gyara a 2008, ta wajabta biyan diyya kafin a tayar da mutum, diyyar gona kuwa ba ɗaya take da ta gidan siminti ba. Saboda haka ya kamata ma'aikatar magajin gari ta fara shata manyan hanyoyin da za su nufi tasha, faɗin mita 25 zuwa 30, ta kafa turakunsu a ƙasa kafin a yanka fili ko ɗaya. Kafin shatawar kuma a yi ƙidaya: a tsayar da mutum biyu a kowace hanyar da layin zai datse, daga asuba zuwa isha, ranar kasuwa da ranar da ba ta kasuwa ba, da rani da kuma damina, suna rubuta masu ƙafa daban, kura daban, amalanke daban, garken dabbobi daban. Masu unguwa da sarakunan noma su zagaya da masu awo, domin akwai hanyoyin da ba a ganin sawu a kansu sai lokacin shuka.