Aljanar da Ta Fito da Hantsi

Lokacin da nake karatu a Jami'ar Bayero, na yi shekara biyu ina taɓa aiki a wani shagon buga takardu a wajen Kabuga. Yawancin aikin kundin ɗalibai ne da takardun neman aiki, amma jefi-jefi marubuta kan kawo littafi a rubutun hannu mu zuba a kwamfuta kafin a kai maɗaba'a. Da yake Hausa nake karantawa, ni ake tura wa irin wannan aikin. A hankali har aka sakar mini hannu in gyara abin da na ga ya karkace.

Wata marubuciya da muke kira Anti ta kawo littafi na biyu na wani labarinta. Na ɗayan tun ina sakandare na karanta shi, na haya ne ma, kwana ɗaya aka ba ni. Labarin wani ƙaramin gari ne mai tsohuwar rijiya a gindin tsamiya, inda wata aljana ke fitowa tsakanin magariba da isha'i kaɗai, ta kira mutum da sunan da mahaifiyarsa ke sakaya shi da shi. Wanda ya amsa, ya kwanta ciwo ke nan. Shafin ƙarshe ya rufe da "mu haɗu a littafi na biyu", kamar yadda aka saba a littattafan adabin kasuwar Kano, waɗanda suka bunƙasa tun shekarun 1980.

Ina cikin bugawa na iso inda aljanar ta kira wata amarya da hantsi, rana tsaka da dukan katanga. Nan take na ce Anti ta manta dokar da ta kafa da kanta. Na goge hantsi na sa magariba, na cire ranar, har na ƙara kiran salla daga masallacin garin don wurin ya zauna.

Da ta zo dubawa ta kai shafin, sai ta ajiye takardun a cinyarta.

"Ƙanwata, wa ya taɓa mini nan?"

"Ni ce, Anti. Ai a na ɗaya ba ta fitowa sai da magariba."

"Madalla da kika tuna. To tunda kin san haka, wace ce ta yi kira da hantsi?"

Shiru na yi, jikina ya yi sanyi. Ashe duk littafin a kan wannan kalma ɗaya ya rataya. Mai kiran mutum ce, wata tsohuwa a cikin gidan da ta san sunan kowa na sakaye, ta fake da tsoron rijiya tana cin karenta babu babbaka. Anti ta ajiye hantsin ne don mai karatun da ya riƙe littafi na ɗaya a ka ya tsargu tun kafin a tona. Ni da na riƙe dokar, ni ce na share alamar, domin na ɗauka aikina kama kuskure ne kawai, ban taɓa kawo wa raina cewa marubuci kan karya dokarsa da gangan ba.

A ranar ta faɗa mini wani abu da har yanzu nake juya shi. Ta ce masu karatu suna matsa mata ta nuna aljanar a na biyu, kamanninta da fadarta da sarkinsu, ita kuwa ta ƙi. Sai ta tuna mini da labarin Dala: Tsumburbura a bayan katanga take, Barbushe kaɗai ke shiga, jama'a na tsaye a gindin dutse suna jiran abin da zai fito ya faɗa. Da kowa na leƙawa, da ba a ji tsoron wurin haka ba. Na yarda da ita ƙwarai. Na karanta littattafai na biyu da dama da suka bar ƙaramin garin da muka saba da shi suka tafi yaƙin sarakunan aljanu a bayan teku bakwai, kuma a nan tsoron ke mutuwa. Abin da ke tayar da tsigar jiki a ƙaramin gari shi ne kowa ya san kowa. Wadda ake zargi da maita ita ce ta yi maka wankan jego ko ta yi maka goyo, gobe kuma a rijiya ɗaya za ku ja ruwa.

Daga nan na canza yadda nake aiki. Duk wanda ya kawo littafi na biyu, sai na nemi na ɗaya na sake karanta shi, ko da zan je Sabon Gari wurin masu sayar da littattafai in nemo. Ina da ɗan littafin rubutu da nake jera sunaye da dangantaka da shekaru, da abin da iskokin labarin ke iyawa da wanda ba sa iyawa. In na ga saɓani ba na taɓawa, alamar tambaya nake sawa da fensir a gefen shafi in jira mai shi.

A sauran littafin Anti na sa irin wannan alama sau shida. Biyar ta ce in bar su yadda suke. Ta shidan kuwa, kakar amarya da ta rasu a ƙarshen na ɗaya ce na tarar tana rabon goro a wurin suna. Anti ta daɗe tana kallon shafin, ta yi salati, sannan ta karɓi fensirin daga hannuna ta mayar da ita goggo.