Rode NT1 da NT1-A da AT2035: abin da kunnena ya ce

Ni dai in ana zancen makirfo na kondensa (irin na ɗaukar murya a situdiyo) wanda ba zai karya aljihu ba, Rode NT1 ɗin nan baƙi shi nake sawa a gaban mai waƙa, kuma ba don lambobin jikin kwali ba. Mutane da yawa suna ruɗa shi da NT1-A tunda kamfani ɗaya ne na Ostareliya, sunan ma kusan ɗaya, duka biyun fatar da ke ɗaukar sauti a cikinsu inci 1 ce, ta gaba kawai suke ji, kuma babu wanda zai yi magana a waya ta XLR (mai haƙora uku) sai ka danna masa wutar 48V a saund kad ɗinka, wato na'urar da ke shigar da sautin cikin kwamfuta. To amma fa sautinsu ba ɗaya ba ne sam.

Shi NT1-A yana da haske sosai a sama, wato ɓangaren siririn sauti. Ranar farko da ka sa hedifon za ka ji muryar ta fito tar, har ka ce ai ka gama dacewa, sai ka zo miksin, wato haɗa sautuka, ka ɗora kwamfuresa mai daidaita ƙarfin murya sannan kowane "s" da "sh" ya fara sukar kunne kamar allura, musamman in mai waƙar siririyar murya gare shi, ko mace ce mai kai murya sama, ka yi ta rage saman da EQ (abin rage ko ƙara wani ɓangaren sauti) kuma da ka rage sai muryar ta dushe. NT1 baƙin da ya fito a 2013 bai da wannan kaifin. Saman nasa a kwance yake, tsakiyar murya a cike, in kana son haske kai za ka ƙara da hannunka daidai yadda waƙar take buƙata. Wallahi wannan kaɗai ya ishe ni dalili.

Sai maganar shuuu ɗin da makirfo ke yi da kansa ko ba wanda ya yi magana. Da dBA ake auna shi, ƙaramar lamba ita ce ƙaramin shuuu: NT1-A 5 dBA ne, NT1 na 2013 kuma 4.5, sabon da suka fitar a 2023 ya sauko 4 kuma an haɗa masa XLR da USB-C a gindi ɗaya. Audio-Technica AT2035 yana kan 12, Neumann TLM 103 da ya ninka su kuɗi nesa ba kusa ba yana kan 7. Gaskiya lambobin Rode abin yabo ne, sai dai a ɗakin da fankar kwamfuta ke juyawa ba za ka taɓa jin bambancin 5 da 12 ba, ƙarar ɗakin ta riga ta rufe su. Inda abin ke fitowa shi ne Audio-Technica AT2020 mai 20, in ana karatu a hankali ko raɗa ka ɗaga gen, wato ƙarfin shigar sauti, nan kam za ka ji shi.

AT2035 ina ganin girmansa fa. Yana da maɓalli biyu da NT1 bai da su, ɗaya na rage ƙarfin sauti da 10 dB in za ka ɗauki ganga ko kakaki, ɗaya na yanke gurnanin ƙasa daga 80 Hz, irin na takun ƙafa da motsin sandar makirfo. Sautinsa mai ɗumi ne, ba ya tsokana. AKG C214 ma yana da irinsu amma nasa yankan daga 160 Hz yake farawa, a ganina ya hau da yawa ga namiji mai kaurin murya, yana cinye masa ƙirji, kuma shi ma yana da nasa hasken a sama duk da a kan jita yana da daɗi ƙwarai.

Duk wanda ka ɗauka cikinsu, kada mai waƙa ya manna baki. Irin waɗannan masu ji ta gaba, da an matso sai ƙasan murya ta kumbura, "b" da "f" su dinga bugun fatar. A bar tazarar kamar taƙi ɗaya, a sa rariyar iska a tsakani, in makirfon mai kaifi ne irin NT1-A a ɗan karkatar da shi gefe kaɗan yadda iskar baki ba za ta doke shi kai tsaye ba.