Ɗari-ɗarin da nake bari wajen mai POS

Jiya bayan isha'i na zauna ina bin alat ɗin wayata ɗaya bayan ɗaya, saboda albashi ya ƙare tun ranar 19 ga wata kuma wallahi na kasa tuna wani babban abu da na saya, ba ɗinki ba takalmi, ko asibiti ba mu je ba alhamdulillahi. Sai na tarar sau 41 na ciri kuɗi wajen mai POS ɗin bakin layinmu a wata guda. Dubu biyu da safe na kayan miya, dubu uku da yamma in zan biya wajen mai shayi, wani lokacin ma dubu ɗaya kacal don kuɗin adaidaita, kuma kowane cira sai na bar naira ɗari, in ya haura dubu biyar ɗari biyu. Da na haɗa ya kusa dubu biyar, kuɗin Islamiyyar yarana biyu ke nan na wata, abin ya tsaya min a rai sosai.

Na san ranar da abin ya fara. Farkon 2023 ne lokacin canjin kuɗi, da aka sauya 200 da 500 da 1000 tsabar kuɗi suka ɓace, mutane na kwana a layin ATM, in ka samu mai POS da ke da kash ko nawa ya ce biya kake kana masa godiya. Wahalar ta wuce amma ƙafata ta riga ta saba da rumfar. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar kuma sai na samu hujja, ai zuwa banki a adaidaita ya fi ɗarin tsada. Gaskiya ne fa, amma wa ya ce sai na cira kullum?

Ban ga laifin yaron ba ko kaɗan, sana'arsa ce, shi ma nemo kuɗin yake ya zauna a rana ya wuni. Abin da ya dame ni shi ne ɗari ba ta zafi lokacin da take fita, shi ya sa ba na lissafa ta, kamar dai hamsin ɗin nan da ake cira in tiransifa ta kai dubu goma, ko datar da ke sabunta kanta cikin dare kana barci. Mahaifiyata kuwa har yau ko hamsin ta samu canji sai ta jefa a asusu, kuma da shi take yi wa jikoki kayan sallah.

Na faɗa wa maiɗakina, ta ce ai ta daɗe da lura, kunyar faɗa min take. Mun yanke ran Asabar kawai zan riƙa cira, na sati gaba ɗaya, ta ajiye a wajenta. Yau da safe na wuce ta gaban rumfar yaron ya ɗago hannu, yallaɓai nawa za a ba ka, na ce masa sai Asabar in sha Allah.