Mai taya biyu ko mai taya huɗu: abin da na gani a simintin garinmu

Samari da yawa a nan yankinmu na Ringim suna tambayata wai wanne ya fi tsakanin siketbod, wato mai taya huɗun nan da ake gani a talabijin, da kuma kastabod mai taya biyu wanda sai ka murɗa ƙugu yake tafiya da kai. Ni dai na hau duka biyun, na kuma sha ƙasa a kan duka biyun, kuma abin da nake ce wa kowa shi ne ya fara duba ƙasar da zai hau a kai tukuna, don mu nan ba Abuja ba ce, garinmu rairayi ne tun daga ƙofar gida har bakin gona, inda yake da sulɓi bai wuce barandar firamare ba, sai dandamalin wani gidan mai da ya daina aiki, sai ɗan simintin da aka zuba a gaban shagunan kasuwa. Iya filinmu kenan fa, kuma shi ne yake yanke hukunci ba kyan allon ba.

Yayana ne da yake sana'a a Kano ya fara kawo min mai taya huɗun, a cikin kayan gwanjo ya tsinto shi a Sabon Gari, fentin ƙasan duk ya goge amma katakon lafiya lau. Daga baya kuma ya zo da ɗayan, mai taya biyun, samfurin da ake kira RipStik, ya ajiye a zaure yace ƙanena ga wani kuma, shi wannan ni ban ma gane gabansa da bayansa ba, in ka gane ka koya min. Nace to Yaya an gode Allah ya ƙara buɗi, amma a raina cewa nake wannan ai ya karye ne, saboda in ka ɗaga shi sai kaga rabin gaba yana juyawa gefe rabin baya yana juyawa wani gefen, ka ajiye shi a ƙasa kuma ya kwanta ta gefe ɗaya, baya tsayuwa da kansa ko kaɗan.

Ashe haka ƙirarsa take. Faranti biyu ne na roba mai tauri, ɗaya na ƙafar gaba ɗaya na ta baya, an haɗa su da wani bututun ƙarfe, a cikin bututun akwai wani falalen ƙarfe mai aikin sifirin da in ka murɗa farantan yake dawo da su daidai. Ƙarƙashin kowane faranti taya ɗaya ce tak, tana kan ƙafa mai juyawa ko'ina irin ta kujerar ofis, sai dai ita an ɗan kwantar da ita baya, ba a tsaye cak take ba, kuma duk sirrin abin yana cikin wannan kwanciyar. In ka tura ƙafar baya gefe tayar takan kauce, nauyinka kuma yana matsa mata ta dawo tsakiya, to a wannan kaucewa da dawowar ne allon ke zamewa gaba. Shi yasa ba ka bukatar sauke ƙafa ka tunkuɗa ƙasa, har ɗan hawa mara tsayi za ka iya haurawa kana murɗawa kawai. Kuma shi yasa gabansa guda ɗaya ne tak, in ka hau shi a juye bazai tafi ba sai dai ya watsar da kai. Daga Koriya ta Kudu aka fara ƙera irinsa a farkon shekarun 2000, kamfanin Razor na Amurka kuma ya fito da RipStik a 2006, shi ne ya yi suna har mutane suke kiran duk wani mai taya biyu da sunansa.

Ranakun farko a kan kastabod akwai ban haushi, wannan gaskiya ce. Shi mai taya huɗu ranar da ka same shi ranar za ka tsaya a kai, ka ɗan tunkuɗa ka tafi taku goma kana murna, amma wannan ko tsayuwa bazaka iya ba sai yana tafiya, in ya tsaya ka sauka ko ka faɗi. Yadda na koya shi ne na dinga dafa ginshiƙan barandar nan, in saka ƙafar gaba daidai saman tayar, ba a baki ba ba a tsakiyar allo ba, in daidaita farantin ya miƙe, sannan in tura da ƙafar baya da ɗan ƙarfi in ɗora ta. Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne tsoro yana sa su tura a hankali, alhali rashin gudun shi ke kayar da kai, in ka tura da ƙarfi allon da kansa yake miƙewa. Na biyu kuma kallon ƙafa, duk wanda ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa sai ya sha ƙasa, ka kalli ƙarshen barandar inda za ka. Murɗawar kuma daga ƙugu take fitowa har kafaɗa, ƙafar gaba kusan a tsaye take tana riƙe hanya, ta baya ce ke kaɗawa kamar jelar tarwaɗa a ruwa. Ran da jikina ya kama wannan kaɗawar wallahi har aka kira magariba ban so sauka ba, ka tafi ka dawo ka zagaye ginshiƙi ba tare da ƙafarka ta taɓa ƙasa ba, kuma shiru abinsa, babu wannan ƙarar gurrr ɗin da mai taya huɗu yake yi a kan siminti.

Daga nan kuma sai abin ya juye. Kastabod wahalarsa a farko take, in ka wuce ta kusan ka gama da mafi yawan abin da yake da shi, saura ƙwarewa a kwana da gudu. Siketbod kuwa sauƙinsa a farko yake, bayan nan sai kaga ashe ko bakin ƙofa baka shiga ba. Tsallen nan da ake kira oli, wanda zaka buga jelar allon a ƙasa ka ja ƙafar gaba sama allon ya tashi tare da kai ba hannu, wani Ba'amurke Alan Gelfand ne ya fara shi a ƙarshen shekarun 1970, daga baya Rodney Mullen ya mayar da shi kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kuma kusan duk wata bajinta da ake yi a titi a kansa aka gina ta. Ni na daɗe ƙwarai ina fama da shi kafin tayoyin baya su ɗaga ko da tsawon ɗan yatsa, ƙwaurina duk tabo ne na dukan katako. Amma daɗin da ke cikin ranar da ka tsallake sandar rake ka dira a kan allo yana tafiya, kastabod bashi da irinsa, dole in faɗi gaskiya. Ba banza ba wasan ya kai har gasar Olamfik a Tokyo a 2021, inda wata yarinya 'yar Japan mai shekara 13, Momiji Nishiya, ta ci zinare. Da na nuna wa ƙanwata bidiyon a waya sai tace Yaya to ni me ya hana, yanzu haka a tsakar gida take koyo a ɗan simintin bakin rijiya, kuma ta fi samari da yawa daidaita jiki.

To amma ga inda ƙasarmu take shigowa. Shi siketbod masu hawan igiyar ruwa na Kalifoniya ne suka ƙirƙiro shi a shekarun 1950 don su samu abin hawa ranar da teku ya kwanta, an yi shi ne don garin da ko'ina kwalta ne da siminti. Tayoyinsa ƙanana ne, milimita 50 da ɗoriya, ga tauri, tsakuwa ɗaya ƙarama ko ƙwallon aduwa in ya shiga gaban taya allon zai tsaya cak kai kuma ka wuce. Sannan yana son fili mai tsawo, kafin ka tunkuɗa sau uku ka gyara tsayuwa barandar ta ƙare. Kastabod tayarsa ta fi girma, milimita 76, tana haye ƙananan tsakuwa da tsagar siminti, kuma yana yin kwana a ɗan ƙaramin wuri, a dandamalin gidan man nan zan iya ta zagaye har in gaji. Amma fa shi ma yana da makiyinsa, wato rairayi. Tayar siririya ce kuma aikinta turawa gefe, in akwai ɗan yashi a kan siminti sai kawai ta zame ta fita daga ƙarƙashinka ba sallama, faɗuwar kuma ta gefe ce a kan ƙugu da gwiwar hannu. Shi yasa mu tsintsiya tana cikin kayan wasa, duk wanda ya riga zuwa shi zai share, lokacin hunturu kuwa kana sharewa iska na dawo da shi, wani lokacin sai dai a haƙura.

Ƙurar hunturun nan kuma tana cin boris ba kaɗan ba. Duk allunan biyu boris iri ɗaya suke amfani da shi, mai lamba 608, biyu a kowace taya, kuma abin daɗin shi ne ba sai ka je nesa ba, masu sayar da kayan gyaran fanka da injina suna da shi, ni wajen wani mai gyaran janareto nake samu. Ranar farko da na kai masa ya juya shi a hannu yace ɗana ai wannan irin wanda muke yin motar boris da shi ne muna yara sai dai namu ya fi girma, nace Baba ai jikan waccan motar ce. In taya ta fara ƙara ko ta daina juyawa da kyau, ka cire boris ɗin ka jiƙa a kananzir ka girgiza, ka bari ya bushe sosai, sai ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu. Kar ka cika masa giris, ƙura yake kamawa ya zama taɓo. A kastabod tayar baya ta fi saurin cinyewa saboda ita ke yin aikin, samanta sai ya baje ya daina zama a zagaye, kana jin kwana ta yi nauyi, to tun kafin ta kai haka ka musanya ta gaba da ta baya. Kuma ka dinga duba kusoshin tayar da ɗan makullin nan mai kusurwa shida, suna kwancewa da kaɗawa.

Takalmi ma magana ce. Saman siketbod sanfefa ce, tana cin takalmi musamman in kana koyon oli, gefen kambas ɗina na hagu har ya huje. Da silifas kuwa kar ma ka fara a kowanne, na ga yaro ya bar farcen babban yatsa a barandar nan, abin ba kyan gani. Hular kwano in ka samu ko ta mashin ce ka saka, kuma ka koyi faɗuwa kana mirginawa, don yawanci abin da yake kai mutum wajen mai ɗori shi ne tokare ƙasa da tafin hannu.

Maganar titi kuma, na san kwalta tana jan rai, ga ta a shimfiɗe ga sulɓi, amma babban titinmu na tifofi ne da motocin kasuwa da 'yan acaɓa, gefensa kuma in kaka ta yi shanya ce ta gero da barkono, ga awaki suna tsallakawa yadda suka ga dama. Duka allunan nan babu mai birki. A siketbod ko ba komai zaka sauke ƙafar baya ka ja ta a ƙasa, a kastabod kuwa sai dai ka yi kwana mai kaifi ko ka dira, kuma in gangara ta ɗauke ka ya fara rawa a ƙarƙashinka dirar ma sai Allah. Kawuna ya taɓa tare ni yace kai yaro, in na ƙara ganin ɗayanku da abin nan a bakin kwalta ni da kaina zan kai shi murhu, nace Kawu in sha Allahu baza a ƙara ba, kuma mun tsaya a kan haka, har dokar muka saka wa ƙananan da ke biyo mu. Makaranta ma sai an tashi muke zuwa, da izinin mai gadi, in an kira sallah kuma kowa ya ɗauki allonsa a hannu.

Don haka in kai ɗan ƙauye ne irina, filinka ɗan siminti ne taku ashirin, kuɗinka na abu ɗaya ne, ni kastabod zan ce ka ɗauka, zaka fi morarsa kullum kuma baya damun maƙwabta da ƙara, ga shi yana motsa jiki sosai, cinya da ƙugu duk sai ka ji su da daddare. In kuma kana yawan shiga Kano ko Dutse inda zaka samu fili mai faɗi, kuma kai mai naci ne da zaka jure wata da watanni kana maimaita abu ɗaya, to mai taya huɗu zai kai ka nesa fiye da ɗayan.

In zaka sayi na gwanjo kar ka biya sai ka gwada. A kastabod ka riƙe faranti ɗaya a kowane hannu ka murɗa ka saki, in bai dawo daidai da kansa ba ƙarfen ciki ya karye, ka bar shi komai arharsa. Ka juya ƙafafun tayar da yatsa kaga suna zagayawa ba cijewa, ka duba robar wajen da bututun ya shiga ko ta tsage, kuma ka sani shi RipStik na manya nauyin kilo 100 aka yi shi ya ɗauka, akwai ƙanana na yara da ake haɗawa a dila ɗaya. A siketbod ka kalli gefen katakon, na ƙwarai falle bakwai ne aka manne, in kaga sun fara rabuwa ko ya sha ruwa ya kumbura babu amfani, sannan ka duba ƙafafun tayar su zama na ƙarfe, don akwai na wasan yara masu ƙafar roba da ko kwana basa yi. In ka samu mai sayarwa yana da tayoyi na daban, musamman masu ɗan girma da laushi, ka haɗa da su a cinikin tun a nan, don samunsu daga baya ya fi samun allon wuya.