Motar farko ta ɗan shekara 18: inji lafiya lau, inshora ta bogi

Yaron da aka damƙa wa makulli yana ɗan shekara 18 sai ya buga motar. Ko ya goge ta da ƙyauren gida wajen yin ribas, ko ya daki bayan wata a gosulo, ko mai adaidaita sahu ya faɗo masa ya rasa ta yi. Da wannan lissafin na saya wa babban ɗana mota bayan ya samu gurbi a Jami'ar Bayero, kuma lissafin bai ƙi ba, don zangon karatu na farko bai ƙare ba ya daki bayan wata jip a titin Gwarzo. Abin da bai shiga lissafina ba shi ne takardar inshorar da ke cikin motar. Tana da hatimi, tana da lamba, tana da sa hannu, amma kamfanin da sunansa ke kanta bai taɓa jin labarinta ba.

A wajenmu ba rana ɗaya ake ba yaro mota ba. Da wanki yake farawa, sai ɗumama ta da safe, sai fito da ita waje, kafin ka ankara ana aikensa cefane ko kai mahaifiyarsa unguwa yana ɗan 15 ko 16, ba lasin ba komai. Yawancin abin da samari ke kira motarsu tsohuwar motar gida ce da aka sakar musu, da sharaɗin kai ƙanne makaranta. Doka kuwa ba ta ba da lasin sai an cika 18, kuma ban yarda na saya ba sai da ya cika. Ba tsoron masu tsare hanya ya sa ba. Kamfanin inshora ba ya biyan ɓarnar da direba marar lasin ya yi, saboda haka duk abin da ɗan shekara 16 ya fasa, daga aljihun ubansa zai fito.

Hanyar lasin sananniya ce: makarantar koyon tuƙi wadda hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ta amince da ita, darasi 26, takardar shaidar kammalawa, gwaji a wajen jami'an duba motoci na VIO, sannan ɗaukar hoto da zanen yatsu a cibiyar lasin, a haɗa da lambar NIN. A lokacin ana fara ba da na wucin gadi na kwana 60 kafin katin ya fito, rukunin B na ƙananan motoci. Duk wanda ya ce ka kawo hoton fasfo da kuɗi kawai zai kawo maka lasin har gida, na bogi zai kawo. Yaron ya yi ta ƙorafi, "Abba, ai na iya tuƙi." Ya iya juya sitiyari dai. Barin tazara da duba madubi kafin canza hannu ba a koyon su a layin unguwa.

Shi Honda yake so, wadda ake kira EOD, mai silinda shida. Na sayi Corolla ta 2006, 'yar gida, wato wadda aka yi amfani da ita a nan ƙasar. Injinta 1ZZ ne mai lita 1.8, da sarƙa yake aiki ba da bel ba, don haka babu fargabar bel ya tsinke ya lanƙwasa bawul kamar yadda ake gani a Fijo 406 idan an yi sakaci. Ƙarfinta daidai wanda ƙafarsa ba ta gama sanin totur ba. Babban dalilin dai shi ne kayan jikinta. Bamba, fitila, madubin gefe, lagireto, duk za ka same su a Ƙofar Ruwa kafin azahar, kuma kowane bakanike ya san cikinta. Honda mota ce mai daɗi, amma ƙafarta ta gaba na son mai saurare, kuma yaron da ya ƙure kiɗa ba zai ji ƙarar bolojoyin ba sai taya ta fita motar ta durƙusa a tsakiyar titi.

Dubawa kuwa da sassafe ake yi, kafin mai ita ya tayar da ita, don injin da ya yi zafi yana ɓoye hayaƙi da ƙara. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga fitilar inji da ta ABS da ta jakar iska sun kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, cire ƙwan aka yi ko aka toshe. Buɗe murfin lagireto tana sanyi: ruwa mai tsatsa ko mai maiƙo alamar an daɗe ana zuba ruwan rijiya ne, ko gaskit ya fara tafiya. Idan fanka ta tashi tare da inji, an haɗa ta kai tsaye, kuma kusan kullum za ka tarar an cire tamostat. Zaro sandar man giya ka shinshina, mai ƙauri ko baƙi ka bar motar. Leƙa ƙasa ka ga ko indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, na nan, don ana yanke shi a sayar. A sa na'ura a karanta kwamfutar motar. Sannan lambar shasi mai harafi da lamba 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba, ta yi daidai da ta takardar kwastam da ta rajista. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk wadda aka ce maka 'yar Kwatano ce, takardar kwastam ɗinta za ka fara tantancewa kafin a yi maganar farashi.

Kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin na ajiye gefe, kuma ya tafi kusan duka a makon farko. Tayoyi huɗu sababbi, saboda lambobi huɗun da ke gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, waɗanda na tarar kuwa sun haura shekara huɗun da FRSC ke ƙayyadewa nesa ba kusa ba. Birkin gaba, baƙin mai lita huɗu da filta, man giya T-IV, mayar da tamostat da zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Na kuma nuna wa yaron takardar da ke liƙe a jikin ƙofa mai faɗin iskar taya, 30 zuwa 32, don falkanaiza idan ka ƙyale shi 45 ko 50 zai ɗura, motar ta riƙa tsalle birki ya rage kamu.

Duk wannan da idona aka yi. Takardu ne kaɗai suka bi ta hannun wani, ɗan kamashon da dillali ya haɗa ni da shi. Canjin mallaka, lasin mota, takardar lafiyar mota da inshora, ya yi musu kuɗi dunƙule, ya kawo su cikin leda ɗaya. "Alhaji, an gama komai." Sauran duk na gaske ne. Inshorar ce kawai ya buga a kwamfuta ya sa Naira 15,000 a aljihu. Da a ce rangwame na nema aka ba ni ta dubu biyu, da na ce araha ba ta ado. Kuɗin ta gaske na biya cif.

Ranar da abin ya faru babu wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Corolla ta rasa bamba da fitila ɗaya da lagireto, kuma gyaranta bai ɗaga mini hankali ba, don dama saboda irin wannan ranar na zaɓe ta. Jip ɗin ce matsala: bambar baya mai na'urar jin kusanci, murfin but ya lotsa, fitilar baya ɗaya ta tarwatse. Wannan fitilar ita kaɗai ta fi kuɗin inshorar shekara goma. Mai motar dattijo ne mai mutunci, ya ce shi dai a mayar masa da motarsa yadda take. Na ce ba damuwa, akwai inshora. Na kira kamfanin, na karanto lambar takarda, aka ce babu ita. Na karanto lambar mota, babu. Ɗan kamasho ya ce matsalar intanet ce, ba su ɗora ba tukuna, daga nan wayarsa ta daina shiga. Gyaran jip ɗin gaba ɗaya ni na biya, alhali ainihin abin da aka ƙirƙiri wannan inshorar, wadda ake kira third party, dominsa ke nan.

Mutane da yawa sun ɗauke ta takardar nuna wa ɗan sanda ce kawai, shi ya sa masu buga ta bogi ke cin kasuwa. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta mayar da kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga motar gida, daga 5,000, kuma tana biyan ɓarnar dukiyar wani har Naira miliyan 3, sannan tana biyan diyyar rauni ko rasa rai. Ba ta gyara taka motar, ta wanda aka buga take gyarawa. Ga dattijon da ya shekara talatin yana tuƙi wataƙila ba zai taɓa neman ta ba. Ga sabon direba kuwa ita ce takarda mafi amfani a cikin ledar, ta fi takardar lafiyar mota, ta fi komai.

Tantancewar ba ta kai minti biyu ba, abin da ke ƙara ba ni haushi ke nan. Ƙungiyar kamfanonin inshora na da rumbun bayanai, NIID. Ka shiga askniid.org a waya, ka sa lambar mota, ya nuna maka kamfani da ranar ƙarewa. Idan bai nuna ba, ba ka da inshora, komai kyawun hatimin. Yanzu kai tsaye nake saya daga kamfani, a ofishinsu ko ta shafinsu, kuɗin ya shiga asusun kamfani ba na mutum ba, in jira kwana ɗaya ko biyu in duba, kuma makulli ba ya barin hannuna sai na ga lambar ta fito. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful masu lasisi da ke ba da irin wannan kariyar. Daga Fabrairun 2025 'yan sanda ma sun tsananta bincike a kanta, to amma tara ƙaramin abu ce idan aka kwatanta da fitilar jip.

Akwai tambayoyin da ya kamata a yi wa kamfanin kafin a biya. Idan motar da sunanka take, kamar tawa, ka tabbatar takardar ta rufe duk mai lasin da ya tuƙa da izininka. Ka tambaya ko akwai wani sharaɗi a kan direba mai ƙananan shekaru, da kuma kason da kai za ka cika daga aljihunka idan an zo biya. Miliyan 3 ma a yau ba ta kai ko'ina idan yaro ya haɗu da sabuwar mota, saboda haka ka nemi farashin ɗaga wannan iyakar. Cikakkiyar inshora, wadda ke gyara har da taka motar, tana farawa daga kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. A tsohuwar Corolla ban ga dole ba, tunda kayanta na da sauƙi. Da mota mai tsada na ba shi, da na yi ta ko da a shekarar farko ce kawai.

Yaron ma sai an koya masa abin yi a wurin, don da ta gaske ce ma ana iya ɓata ta da baki. Ya tsaya, ya kunna fitilun haɗari, ya duba ko wani ya ji rauni. Ya ɗauki hoton motocin biyu kafin a matsar da su, da lambobinsu, da wurin. Kada ya yi alkawarin biya, kada ya sa hannu a wata takarda, kada ya bari a ja motar zuwa garejin da 'yan kallo suka zaɓa. Ya kira ni, ni in kira kamfani a ranar, a samo rahoton 'yan sanda idan sun nema. In kuka sasanta a bakin titi aka yi gyara, sannan ka kai musu rasit bayan mako biyu, da wuya su saurare ka, don ba su ga ɓarnar da idonsu ba.

Sauran ƙa'idojin gida ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ba na ba shi kuɗin mai a hannu. Tankin lita 50 ne, ina zuba masa abin da zai kai shi makaranta ya dawo na mako, in ya ƙare a yawo ya hau adaidaita. Ba tuƙi bayan isha sai da dalili, ba fita wajen gari, ba shiga jerin gwanon ɗaukar amarya inda samari ke wasa da mota. Duk ranar Asabar zai buɗe bonet ya duba baƙin mai da ruwa da man birki, kuma ya san idan allurar zafi ta wuce rabi tsayawa ake yi a kashe, ba a cewa bari in ƙarasa gida.

Wadda na fi tsanantawa ita ce ba da aron makulli. A jami'a mota ɗaya ta abokai goma ce, kuma rabinsu ba su da lasin, wasu kuma nasu irin na kawo-hoto-da-kuɗi ne. Idan ɗaya daga cikinsu ya buga, kamfani zai nemi lasin wanda ke kan sitiyari a lokacin, ba na mai mota ba, sai ka koma biya daga aljihu duk da takardarka ta gaske ce. Na gaya masa duk abokin da ya matsa, ya ce motar Abba ce kuma Abba ya hana, laifin ya hau kaina.